Ɗaurin Aure Nesa da Gida

Abin karantawa: Farawa sura 24 da sura 29, da Rut sura 4.

A zamanin iyayenmu, idan saurayi a ƙasar Ikara ya ga yarinya yana so, da wuya gidansu ya wuce tafiyar yini guda. Wataƙila a kasuwar Paki ya gan ta, ko ta Makarfi, ko wurin biki a ƙauyen kawunsa. Tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba tsofaffi sun riga sun san uwarta da kakarta. Sun san ko gidan masu faɗa ne, ko akwai wata cuta da ta ke bin zuriyar, ko an taɓa yi wa yarinyar baiko da wani. Haka kuma iyayen yarinya sun san gonar saurayin da irin nomansa. Ba wanda ya kan ce, yau za mu tashi bincike, gama idon jama'a yana yin aikin kullum, ba a kuwa biyansa.

Yanzu 'ya'yanmu sun watsu. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911 aka soma fita. Makaranta da asibitin Wusasa sun ja waɗansu, daga nan aiki ya kai su Kaduna da Jos. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, bautar ƙasa kuma tun 1973 ta ke ɗaukar ɗan Hunkuyi ta ajiye shi a ƙasar Ibo ko ta Yarabawa shekara guda. Waɗansu sun bi motar tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, watau Legas, suka zauna can. Akwai na soja da na 'yan sanda, akwai na Maradi da Kumasi, akwai ma'aikatan jinya a Ingila. Inda mutum ya ke zaune nan ya kan ga wadda zuciyarsa ta kwanta da ita, wannan kuwa ba laifi ba ne. Saboda haka wasiƙa ko waya ta kan iso gida cewa an sa rana, a wani gari da uban ango bai taɓa takawa ba.

Abin da mu ke so mu bincika ke nan a wannan wata. Wurin biki yana iya ƙaura, a yi shi a Legas ko a Landan. Yardar gidaje biyu da shaidar ekklesiyoyi biyu kuwa dole su bi auren duk inda ya tafi. Aikin da ido ya ke yi a gida kyauta, a nesa sai an yi shi da niyya, da ƙafa da takarda da kuɗin mota.

Bawan Ibrahim

Ku buɗe Farawa sura 24. Ibrahim ya tsufa, yana zaune baƙo a ƙasar Kan'ana, danginsa suna can nesa a birnin Nahor. Ishaku ɗansa yana da shekara 40 sa'ad da aka yi masa auren nan. Duk da haka ba a bar shi ya tafi neman aure shi kaɗai ba. Ibrahim ya kira babban bawansa, wanda ya ke lura da dukan abin da ya mallaka, ya rantsar da shi, ya aike shi da raƙuma 10. Wannan shi ne wanda mu ke kira wakili, ku lura kuma da irin mutumin da aka zaɓa: dattijo amintacce wanda maganarsa maganar mai gida ce.

Mu bi sawunsa a hankali. Da ya isa bakin rijiya ya yi addu'a tukuna. Da Rifkatu ta ba shi ruwa, ta kuma shayar da raƙumansa, ya tambaye ta ko ita 'yar wane ne ce, ko akwai masauki a gidansu. Yana so ya ga gidan da idonsa. Da aka kawo masa abinci ya ƙi ci sai ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuwa faɗi dukan magana a fili: wanda ya aiko shi, da dukiyar gidan, da matsayin Ishaku a cikinta, da sharaɗin da aka ɗora masa. Sai bayan Laban da Betuwel sun yarda ya fito da sauran kaya, ya ba yarinyar, ya ba wanta da uwarta. Da gari ya waye mutanen gidan suka so ta ƙara kwana kamar 10, shi kuwa yana son tafiya. Sai suka kira Rifkatu suka tambaye ta da bakinta, ta ce za ta tafi. Ba su sake ta ita kaɗai ba. Uwar goyonta ta bi ta tare da kuyanginta, suka sa mata albarka.

Ga tsarin a jere: addu'a, tambaya, ganin gida, magana a fili, yardar iyaye, yardar yarinya, sa'an nan rakiya. Yawancin wahalar da mu ke gani yau daga juya tsarin nan ta ke fitowa. A kan kama ɗakin taro a birni, a buga kati, a ɗinka anko, sa'an nan a tuna ba a gaya wa baffa ba. Wanda aka aika wa kati an gayyace shi cin abinci ne kawai. Uba kuwa, ko wanda ya tsaya a matsayinsa, shawara a ke kai masa tun magana ba ta nuna ba.

A ƙasarmu gida guda ya kan ƙunshi mai zuwa majami'a da mai zuwa masallaci, wani lokaci har da tsoho mai riƙe da al'adar kakanni. Idan babban baffan yarinya Musulmi ne, baffanta ne har yanzu. A kai masa goronsa, a zauna a gabansa a gaya masa da ladabi. Ko ba zai shiga majami'a ba, ya san an girmama shi, ranar da wata matsala ta taso kuma ba zai ce bai san da auren ba. Nisa ya kan ba yara hujjar tsallake irin waɗannan dattawa, hujjar kuwa ba ta da ƙarfi, gama kuɗin mota zuwa Saulawa ko Gazara bai kai kuɗin hoton biki ba.

Yakubu a Haran

Sura 29 ta nuna mana ɗayan gefen. Yakubu ya tafi ƙasa ɗaya da wadda bawan Ibrahim ya je, gidan ma ɗaya ne, amma ya tafi yana gudun fushin Isuwa wansa, ba wakili, ba raƙumi, ba dattijon da zai yi magana dominsa. Da bakinsa ya yi ciniki da Laban a kan shekara 7 saboda Rahila. Ranar biki dukan waɗanda suka taru mutanen Laban ne. Da safe ya ga Lai'atu aka kawo masa. Da ya yi ƙara, Laban ya amsa masa da al'adar gari, cewa a wurinsu ba a aurar da ƙanwa a bar ya. Ko Laban ya fake da al'adar ne, ko gaskiya ya faɗa, Yakubu ya zauna shekara 7 a garin bai sami mai gaya masa ba. Ya ƙara bautar shekara 7, gidansa kuma ya cika da kishi har tsufansa.

Baƙo ko da ido makaho ne. Wanda zai auri 'yar wata kabila ya nemi dattijo mai bi daga cikin kabilar nan ya zaunar da shi. A wurin Ibo a gidan uban yarinya a ke yin auren al'ada, a kan kuma ba dangin ango takarda mai jerin kayan da za su kawo wa maza da mata da samarin dangi. A wurin Yarabawa ango da abokansa su kan kwanta rub da ciki a gaban iyayen amarya, a kawo doya da zuma da sauran kaya. Ko a kudancin jiharmu, Bajju da Atyap da Ham kowa da tasa hanya. Su kuma ba su san lefe da gara da kayan ɗaki yadda mu ka san su ba, sai a bayyana musu, kada uwar amarya ta ji kunya a gaban matan Kudan a kan abin da ba a taɓa gaya mata ba. Idan akwai giya cikin jerin kayan, ekklesiyarku kuwa ta hana, a daidaita maganar tun da wuri tsakanin dattawa. Ranar biki a gaban taro ba ranar wannan gardama ba ce.

Akwai abin da ya fi al'ada nauyi. Nisa yana ɓoye abu. Mutum yana iya zama shekara 5 a bariki ana ce masa saurayi, yana kuwa da mata da 'ya'ya a ƙauye. Yarinya tana iya zama an karɓi dukiyar wani a kanta ba a mayar ba. Ba mu ce a zargi kowa ba, amma matambayi ba ya ɓata. Fasto na can ya rubuta wa fasto na gida, na gida ya amsa da hannunsa da hatimin ekklesiya: wane ɗanmu ne, an yi masa baftisma, ba shi da aure, ba ya ƙarƙashin horo, iyayensa sun sani. Tsarin Angilikan tun littafin addu'a na 1662 ya ce a yi shelar aure Lahadi 3, idan kuma su biyun ba a ƙarƙashin majami'a ɗaya su ke ba, a yi shelar a duka biyu, kada a ɗaura sai takarda ta zo daga ɗayar. Sauran ekklesiyoyinmu ma suna shela. Amfaninta yana wurin da aka san mutum. Shelar da aka yi a Legas kaɗai, a gaban waɗanda ba su san ko sunan ƙauyen ango ba, ba ta tsare kowa ba. A yi ta a majami'ar ƙauye inda tsohuwa za ta iya tashi ta ce, ai yaron nan yana da alkawari da 'yar wance. Mu dattawan gida kuma, idan irin wasiƙar nan ta zo, kada mu ajiye ta cikin littafin waƙa har wata 2, kada kuma mu rubuta shaidar da mun san ba gaskiya ba ce don kunyar iyayen yaro. 'Yar mutane ce za ta ɗauki nauyin ƙaryar.

Shaidu da takarda

Sa'ad da Bo'aza ya tashi auren Rut, baƙuwa daga Mowab, ya tafi ƙofar gari ya zaunar da dattawa 10. Akwai wani dangi da ya fi shi kusa, sai da wannan ya janye a gaban jama'a, aka yi alama da takalmi, kana Bo'aza ya kira su duka shaidu. Rut ba ta da uba ko wa a Baitalami. Shaidar nan ce ta zama mata dangi.

A zamaninmu takarda ta ɗauki rabin aikin ƙofar gari. Dokar Aure ta Najeriya, wadda aka kafa a 1914, ita ce ta ke bisa abin da mutane su ke kira auren kotu ko auren rajista, tana kuwa da sharuɗɗan da su kan kama masu aure a nesa. Ana ba da sanarwa a ofishin rajista na yankin da za a ɗaura auren. Sai kwana 21 sun cika kafin a ba da takardar izini, idan kuma wata 3 suka wuce ba a ɗaura ba, sanarwar ta mutu, sai a sake. Dole ɗaya daga cikin su biyun ya zauna a yankin kwana 15 kafin a ba da takardar. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar uba a rubuce, ko ta uwa idan uban ba shi da rai. Idan a majami'a ne, sai wadda gwamnati ta ba lasin, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, da shaidu 2 ko fiye ban da mai ɗaurawa. Saboda haka wanda ya ce zai sauka Jumma'a a ɗaura Asabar, alhali shi da yarinyar duka baƙi ne a garin, bai yi lissafi ba.

Ku tambayi fasto na can a fili ko majami'arsa tana da lasin. Idan ba ta da shi, abin da aka yi sa albarka ne bisa auren al'ada, takardar da aka bayar kuma ba ita ce ta gwamnati ba. Auren al'ada aure ne a gaban doka, amma hukuncinsa dabam ne. Ranar da miji ya mutu a bakin aiki, aka zo maganar haƙƙinsa da gado, ko ranar neman biza, ran nan gwauruwa ko matar aure ta kan gane bambancin. Dokar ta kuma ce wanda ya ke da matar al'ada, ya je ya yi auren rajista da wata, auren na biyu banza ne, akwai kuma ɗaurin shekara 5 a kansa.

Gwajin jini ma a yi shi tun ba a sa rana ba. Idan su biyun suna ɗauke da irin sikila, watau AS da AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na haihuwar ɗa mai ciwon. Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024, ekklesiyoyi da yawa kuma sun daɗe suna nema. Labari mai ɗaci ya fi sauƙin haɗiya kafin a tara dangi daga jiha 3.

Wanda ya ke ƙetare kuwa, dokar ƙasar da ya ke ciki ita ce a kansa. A Ingila sai mutum ya zauna kwana 7 a yankin kafin ya ba da sanarwa, a jira kwana 28, ga baƙo kuma ana iya ja har kwana 70. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba shi da izinin ɗaura aure, akwai biza dabam domin wannan. A Faransa sai an ɗaura a ofishin magajin gari kafin a shiga majami'a. Bizar iyaye kuwa ba a hannun mai nema ta ke ba. Shawararmu ga 'ya'yanmu na can ita ce a gama na gida a gida: wakilai su haɗu, a ba da dukiyar aure, iyaye su sa albarka, sa'an nan a yi na can da 'yan'uwa masu bi da ke wurin. Waya tana iya nuna wa uwa fuskar amarya tana zaune a Ikara, mun kuwa gode wa Allah saboda wannan, amma waya ba ta karɓar amana. A sami dattijo a can wanda uba ya kira da sunansa ya ce, ka tsaya a madadina.

Su wa za su tafi?

Nan ne rai ya kan ɓaci. Kowa yana so ya raka, ango kuma yana jin kunyar hanawa. Ubangiji ya yi misali da mai gina hasumiya wanda ya kan zauna ya yi lissafi tukuna, a Luka sura 14. Biki a nesa yana da kuɗi uku da na gida ba shi da su: mota, da masauki, da ciyar da baƙi kwana 3 ko 4 a garin da ba ka da rumbu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai. Mun san yadda a kan yi: a sayar da rake tun yana tsaye a gona da arha, a ba da fadama jingina, a taɓa kuɗin taki. Biki ya ƙare ran Asabar, damina ta zo ta tarar da gida ba abin zubawa a gona. A Kana ta Galili ruwan inabi ya ƙare, Ubangiji ya rufa wa ango asiri, amma ba a ba mu labarin nan domin mu gayyaci mutum 300 da abincin 100 ba.

Mutum 5 ko 6 sun isa: wakili, da inna ko gwaggo, da dattijon ekklesiya mai riƙe da wasiƙar fasto, da mace ɗaya daga zumuntar mata, da aboki ko ƙawa. A shekarar 2020, sa'ad da annoba ta sa aka rufe majami'u aka hana tafiya tsakanin jihohi, waɗanda suka ɗaura aure da 'yan mutane kaɗan aurensu bai ragu da kome ba. Waɗanda ba za su tafi ba a bi su gida gida a gaya musu dalili, a kuma gaya musu ranar da za a kawo amarya.

A zaɓi rana da tunanin manomi. Ma'aikacin birni ya kan duba hutunsa kawai, ya sa rana a tsakiyar shuka ko noman farko, sa'an nan ya yi fushi don ubansa bai zo ba. Bayan kaka ya fi, ko da ya ke wajen Kirsimati mota ta kan yi tsada, masu rake da tumatir kuma a rani aikinsu ya ke tashi. Waɗansu ekklesiyoyi ba su ɗaura aure cikin azumin kwana 40 kafin Ista. Idan hanya ta ƙetare iyaka, a tuna Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, hanyar Jibiya zuwa Maradi kuma ta sake rufuwa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024. Kada a biya dukan kuɗi tun da nisa. Kada kuma a yi tafiyar dare domin a rage kuɗin masauki, ko a cusa mutum 20 a motar mutum 14. Direban da ya kwana wurin biki a bar shi ya yi barci kafin ya juyo da iyayenmu.

Kyan tafiya dawowa. Ishaku ya kai Rifkatu cikin alfarwar Saratu uwarsa, da haka ta sami wuri a gidan. Bayan biki ango ya kawo matarsa gida, su tsaya gaban ekklesiya ran Lahadi a yi godiya, a dafa abin da ya sawwaƙa kowa ya ci, a zaga da ita ta gai da tsofaffi ta san ɗakin kowa. Idan 'yarmu ce aka kai nesa, gwaggon da ta raka ta kada ta juyo sai ta ga ɗakin da idonta, ta san majami'ar da za ta riƙa zuwa, ta damƙa wasiƙar fasto a hannun fasto na can, ta kuma sami mace ɗaya mai hankali cikin zumuntar mata ta ce mata, ga 'yarki. Takardar aure kuma a yi mata hoto biyu, ɗaya a wurin iyayen miji, ɗaya a wurin iyayen mata, ta ainihin kuwa a ajiye inda matar ta sani.